Tarihin Fijo Mai Dogon Baya A Ƙasar Dutse

Dutse gari ne wanda jirgin ƙasa bai taɓa ratsawa ba. Dogo ya iso Kano cikin 1911, da aka ja reshensa zuwa Nguru kuwa, wanda aka ƙare cikin 1930, sai ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya bar Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu can kudu da shi. Saboda haka mutanen wannan yanki ba su da abin tafiya sai ƙafa da jaki da doki, sa'an nan daga baya mota. Motar da suka fara sabawa da ita babbar mota ce mai bodin katako, a loda mata gyaɗa, mutane su hau bisa buhuna, su isa Kano jajawur da ƙura. Tsakanin wannan babbar mota da ƙananan motocin da ke kai da kawo yanzu, an yi wata mota wadda ta riƙe hanya wajen shekara talatin, har ya zama in an ce motar haya ita a ke nufi. Ita ce Peugeot mai dogon baya, wadda bakin Bahaushe ya mayar Fijo, direbobi kuma su ke kira wagon.

Sayen irin wannan mota ba ƙaramin al'amari ba ne ga talaka. Wani gona ya kan sayar, wani shanun huɗa, wani kuwa kuɗin sallamarsa na aikin gwamnati ya ke zubawa gaba ɗaya. In motar ta yi kyau ta ci da gida, ta aurar da 'ya'ya, watakila har ta kai mai ita Makka. In ta ɓaci, ga gona ta tafi, ga ƙarfe kwance a ƙofar gida kaji suna ƙwai a ciki. Ban da wannan kuma akwai rayukan mutum tara ko goma da a ke ɗora mata kowace safiya. Don haka ne aka sami mutane a tashoshi waɗanda suka ƙware wajen duban tsohuwar mota, kamar yadda aka yi masu duban doki a zamanin da. Iliminsu kuwa rabinsa na ƙarfe ne, rabinsa na tarihi, gama wanda bai san shekarar da abu ya faru ba, ba shi da bakin ƙaryata dillali.

Asalin wannan siffa ta mota daga Amurka ne. Tun farkon zamanin mota, masu masaukin baƙi su kan aika da wata irin mota tashar jirgin ƙasa ta ɗauko matafiya da akwatunansu, shi ya sa sunanta na Turanci ya ke da ma'anar keken tasha. Bodinta na katako ne, aikin kafintoci. Kamfanin Ford ya fara sayar da tasa cikin 1929, cikin 1946 kuma kamfanin Willys ya fito da mai bodin ƙarfe zalla. Abin da ya raba ta da salun shi ne rufinta ya miƙe har ƙarshe, babu but dabam, ƙofa ta biyar tana baya. Ikon Allah, motar da aka raɗa wa suna da tashar jirgi sai ga ta ta fi amfani a garin da babu jirgin.

Amma waɗanda suka cika ƙasar Hausa na Faransa ne. Kamfanin Peugeot, wanda babbar ma'aikatarsa ke garin Sosho a gabashin Faransa, ya fito da mota mai lamba 404 cikin 1960, bayan shekara biyu ya yi mata mai dogon baya. A kan gane ta da fitilunta kewayayyu, da giyarta wadda ke jikin sandar sitiyari. Ta sayo wa kamfanin suna a Afirka, domin ta ci babban tseren motoci na Afirka ta Gabas, wanda a ke yi cikin laka da duwatsun Kenya da maƙwabtanta, har sau huɗu, watau 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A shekarar ƙarshen nan aka fito da ƙanwarta 504, mai fitilu masu kusurwa, cikin 1971 kuma ita ma aka yi mata mai dogon baya. A nan ƙasar kamfanin SCOA ne babban mai shigo da su.

Ya kamata a tsaya a dubi ginin 504 mai dogon baya, domin duk abin da mai duba ya ke nema a jikinta daga nan ya taso. Tsawonta mita 4.8 ne, tsakanin ƙafar gaba da ta baya kuwa mita 2.9, watau ta ɗara salun da santimita 16. Rufinta yana ɗan tashi daga tsakiya zuwa baya, don kada na kujerar ƙarshe ya riƙa bugun kai. Ƙafafun baya a kan aksil guda su ke, ƙaƙƙarfa, da sifirin huɗu masu murɗi, biyu kowane gefe. Farfela tana cikin bututun ƙarfe, dutse ba ya isa gare ta. Injin mai fistin huɗu ne, an kwantar da shi a karkace, babbansa kusan lita biyu. Ramukan da fistin ke kai da kawo a ciki ba a jikin injin aka fafe su ba, bututu ne na ƙarfe da a ke zarewa, makanikai suna ce musu silif. In sun ci sai a sake su da fistin da ringi, inji ya koma yaro, kuma wannan aiki makanikin ƙauye yana yinsa a gindin darbejiya. Wannan shi ne babban sirrin daɗewarta. Iri uku aka yi ta: akwai ta iyali mai layin kujeru uku, ta mutum bakwai, akwai mai layi biyu da faffaɗan wurin kaya, akwai kuma ta 'yan kasuwa wadda ba a yi wa ado ba.

Tana da rauni biyu. Murfin injinta, wanda a ke kira tof, na alminiyam ne, gangar kuwa baƙin ƙarfe, to, in ruwa ya ƙare a lagireto injin ya ɗau zafi, sai tof ya karkace, gaskit ya ƙone. Na biyu, ba ta da cesis dabam kamar babbar mota, bodi da cesis abu ɗaya ne. Muddin ta sha babban karo ta murɗe, to, ta murɗe ke nan, kome gwanintar mai gyaran bodi.

Yanzu sai shekarun da ya wajaba mai saye ya haddace. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta gefen hagu irin na Ingila, ta koma gefen dama irin na maƙwabtanta masu Faransanci. Motocin da aka sayo sababbi kafin wannan rana sitiyarinsu a dama ya ke, na bayanta a hagu. A ƙarshen wannan shekara aka kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya, wanda aka fi sani da PAN, da hannun gwamnati da na Faransawa, cikin 1975 kuwa, zamanin Janar Yakubu Gowon, ma'aikatarsa ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Kayan daga Faransa su ke zuwa a warwatse. Da ya ke tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe a lokacin, sai aka riƙa ɗauko su a jirgin sama daga birnin Liyon zuwa Kano, daga can a kai su Kaduna. Ashe kuwa Fijo da yawa sun sauka Kano tun ba su zama mota ba. Cikin wannan shekara dai aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji tare da bashin watannin baya, kuɗi ya yawaita a hannun akawu da malamin makaranta. Bayan 1976 kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da 504 motar manyan ma'aikata, don a rage fankama. Daga nan ko'ina ka duba Fijo ce, ta ofis, ta asibiti, ta 'yan sanda, ta haya. Wannan yawa ya sa kayan gyaranta suka wadata, daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano har teburin mai sayar da fulogi a bakin tasha.

A wannan zamani Dutse tana ƙarƙashin Jihar Kano, lambar motocinta da KN ta ke farawa. Wagon ta kan tashi daga Unguwa Uku ta haye gadar Wudil, sa'an nan ko ta bi ta Gaya, ko ta miƙe hanyar Birnin Kudu ta karya a Kwanar Huguma. Direba ya san kwanakin mako da sunan kasuwanni: Litinin Shuwarin, Alhamis Maigatari, Jumma'a Wudil, Lahadi Gujungu. Motar da aka gina don mutum bakwai sai a sa biyu kusa da direba, huɗu tsakiya, uku baya, ban da goyo, a ɗaga ƙofar baya a ɗaure buhunan gero da kwandon dabino da igiya, wani lokaci har da akuya. In dare ya yi naƙuda ta tsananta wa mace a ƙauye, ita dai a ke bugun ƙofar mai ita a kwantar da kujera a nufi asibitin Birnin Kudu ko na Jahun. Amarya a cikinta, gawa ma a cikinta.

Cikin 1983 Faransa ta daina ƙera 504 ta fasinja, ta koma kan 505, amma Kaduna ba ta daina ba sai wajen 2006. Saboda haka lamba 504 ita kaɗai ba ta gaya wa mutum shekarun mota, tana iya zama ta 1972, tana iya zama ta 2002, tsakaninsu shekara talatin, siffa kusan ɗaya. Sa'an nan cikin Satumba 1986, zamanin Janar Babangida, aka karya darajar naira. Kuɗin da a da ya ke kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka, kafin shekara ta fita sai an tara wajen uku ko huɗu a sami dala guda. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, balle direban haya. Sai hankali ya koma ga motocin da Turawa suka hau suka gaji, waɗanda a ke kira Baljiyam, don yawancinsu ta tashar jiragen ruwan wannan ƙasa su ke fitowa su sauka Kwatano. Waɗansu kuma samarin Turawa ne ke tuƙo su ta hamada, daga Aljeriya ta Tamanrasat su faɗo Arlit da Agadas, su sayar a Nijar su hau jirgi su koma gida. Ta haka kasuwa ta zama da Fijo iri uku a haɗe, da 'yar Kaduna, da Baljiyam, da wadda ta ƙetaro ta Nijar, kowace da irin cutarta.

Ran 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka mai da Dutse babban birninta. Ma'aikatan da aka turo daga Kano suka iske gari babu isassun gidaje, da yawa suka bar iyali a Kano suna zuwa suna komawa, tafiyar kilomita wajen ɗari. Wannan ya ba wagon kasuwar da ba ta taɓa samu ba a wannan hanya, a daidai lokacin da sabuwa ta yi wuyar saye. Kowace tsohuwa aka tono ta aka yi mata fenti. Cikin 1992 kuma aka sake tsarin lambar mota a ƙasa duka, aka ba kowace ƙaramar hukuma haruffa uku, na Dutse DUT. An sake yin wani gyaran cikin 2011. Watau lambar da ke jikin mota ba shaida ce ta shekarunta ba, zamanin rajista kawai ta ke nunawa.

To, ga yadda gwani ya ke yi in an kai shi ganin mota. Da sassafe ya ke zuwa, kuma abu na farko sai ya ɗora tafin hannu bisa bonet. In ya ji ɗumi ya san an riga an tayar da ita don kada a ga wuyar tashinta, sai ya ce a bari sai gobe. Ba ya fara duban fenti, gama fenti rigar aro ce. Baya ya ke ja ya tsuguna, ya dubi tsayuwarta a wuri mai daidai, ko ta zauna ta baya, ko ta jirkice gefe guda. Wadda ta shekara goma tana ɗaukar buhuna ba ta iya ɓoye shi, kamar jakin da kaya suka lotsa wa baya. Sa'an nan ya bi ƙofofi biyar ɗin ɗaya ɗaya yana buɗewa yana rufewa. Ƙofar da sai an ɗaga ta ko an buga da ƙarfi, da tsagar da ta yi faɗi sama ta tsuke ƙasa, alama ce jikin ya murɗe. Ya kan ƙwanƙwasa bodi da bayan yatsa. Ƙarfe yana amsawa, wurin da aka cike da ƙullun nan na masu gyaran bodi kuwa shiru ya ke yi kamar bango. Waɗansu mayen ƙarfe su ke zuwa da shi a aljihu, inda ya ƙi kamawa an yi ciko.

Daga nan sai ya ɗage shimfiɗar ƙasa ya shiga ƙarƙashi, nan kuwa tarihin da aka faɗa a baya ya ke aiki. A Turai gishiri su ke zubawa a hanya lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan shi ke cin mota ta ƙasa. Baljiyam ta kan zo da kujeru kamar ba a taɓa zama ba, da inji mai lafiya, amma a tsokani gindin ƙofa da sukundireba ya wuce. Wadda ta zauna Legas ita ma iskar teku ta taɓa ta. 'Yar Kaduna da ta yi rayuwarta a Arewa ba safai ta ke tsatsa ba, ƙasar busasshiya ce, nata ciwon tsagewa ne, saboda gargadar hanya da nauyi. A kan same shi inda shok na gaba ya ke haɗuwa da bodi, da inda sifirin na baya ke zaune. Tsatsa kaɗan ana yanke ta a yi faci. Abin gudu shi ne layin walda da ya ratsa ƙasan mota daga wannan gefe zuwa wancan, domin akwai masu ɗaukar gaban wata mota da bayan wata, duka biyu sun yi haɗari, su haɗa su zama ɗaya. Irin wannan tana tafiya lafiya lau har ranar da za ta yi karo, ranar kuwa a nan ta ke rabewa da mutane a ciki. Mai yin wannan aiki ya sayar bai faɗa ba, ba shi da maraba da mai haƙa rami a kan hanya ya rufe da ciyawa.

Inji shi ne mai sauƙin karantawa, kuma shi ne mafi arhar gyara, ko da ya ke shi ne jahilin mai saye ya fi tsoro. A zaro sandar baƙin mai: in ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, gaskit ko tof ya tafi. A buɗe lagireto tun da sanyi a tayar, in ruwan yana tasowa da kumfa, labarin ɗaya ne. Hayaƙin salansa shuɗi mai ne ke ƙonewa, ringi sun ci. Baƙi kuwa kafireto ne ke ba da fetur fiye da kima. Mai da aka ga ya yi kauri ainun, a yi zato an zuba shi ne don ya toshe bakin ƙarar inji. Sa'an nan a fita hanya, a saki sitiyari kaɗan a ga ko tana janyewa, a taka birki da ƙarfi, a saurari kukan aksil na baya in an ɗaga ƙafa daga totur. Maleji ba abin dogara ba ne, wayarsa ta kan tsinke ta shekara ba a gyara ba, ana kuma iya mai da shi baya. Robar kuloci da ta birki, da santsin sitiyari, da ramin da ya faɗa a kujerar direba, su ne haƙoran wannan doki.

Saura asali. A misali, mai saye ya ce, "Malam, wace shekara ce?" Dillali ya ce, "Alhaji, ai wannan tun zamanin Gowon ta ke hannun mutum ɗaya, 'yar Kaduna ce, ba ta taɓa haya ba." Gwani ba ya musu, sai ya buɗe bonet ya nemi lambar cesis, wadda ke kan ɗan faranti kuma an buga ta a jikin ƙarfe. In ya ƙirga ya sami haruffa da alƙaluma 17, ya san ba ta ga zamanin Gowon ba, gama wannan tsari sai wajen 1981 ya fara. In ya ga ƙwan fitila rawaya, ya san ta sha iskar Faransa, domin dokar wannan ƙasa ta tilasta fitila rawaya har 1993. In 404 ce mai sitiyari a hagu aka ce ta girmi 1972, to, ko ta Nijar ta shigo, ko an juya sitiyarin, juyi kuwa ya kan bar ramukan da aka toshe a bangon da ke tsakanin inji da direba. Ya kan duba ƙusoshin farantin ko sababbi ne, da ƙarfen da ke kewaye da lambar ko an goge shi da dutsen wuta. Ya gwada lambar cesis da ta inji da abin da ke cikin takardu, har takardar kwastan in Baljiyam ce. Motar da lambarta ba ta dace da takardunta ba, ko kyauta aka ba mutum ya gode ya bari, don wata rana a shingen 'yan sanda za a karɓe ta, a kuma tambaye shi inda ya samo. Kujera ta uku ma ana dubanta, ko ta kamfani ce, ko mai walda ne ya dasa benci a motar da aka yi mai layi biyu. Maganar ba ta taɓa haya ba kuwa, a ɗaga robar gilashi a ga launin fentin da ke ƙasa, a dubi rufi ko akwai ramukan kariya, a dubi inda igiya ta ci ƙofar baya.

Bayan duk wannan a ke zama ciniki. Mai saye ya taya, mai mota ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani yana jan wannan gefe yana raɗa wa wancan, har a kai ga sallama, a tafa, a fid da la'ada. Malaman fiƙihu ba su bar wannan fage ba. Babin ciniki na Risala ya hana algus da ɓoye aibi, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya sayi abu ya iske tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. An kuma hana mutum ya taya kaya ba da nufin saye ba, sai don ya ruɗi wani ya ƙara, abin da ba a rasa gani a bakin tasha. Amma mai saye ya sani, abin da ya gani da idonsa ya yarda, ba shi da ƙara a kansa gaban alƙali. Shi ya sa masu hankali su ke sa a rubuta abin da mai mota ya faɗa gaban shaidu.

A bakin 'yan tasha, kalmar asali ba ta nufin motar tana nan yadda ta fito daga kamfani. Abin da su ke tambaya shi ne ko kayan da ke jikinta na Peugeot ne, sababbi ko na Baljiyam, ko kuwa jabu ne. Sake inji ba aibi ba ne wurinsu in an gyara takarda, wani lokaci ma ƙarin kuɗi ne. Hasali ma kusan kowace wagon da ta kai yau da ranta 'yan'uwanta ta ci: ƙofar wannan, giyar waccan, injin 505, kujerun wata motar da ba ma Fijo ba. Ga mai neman abinci wannan ma'auni daidai ne, mota dai ta kai ta komo, birki ya kama.

A Turai kuwa ma'aunin a juye ya ke. A Faransa da Jamus motar da ta kai shekara 30 ana iya yi mata rajista dabam ta kayan tarihi, kamfanin Peugeot ma ya buɗe gidan ajiye tsofaffin motocinsa a Sosho cikin 1988. Masu tara irin waɗannan motoci sun fi son fentin farko ko ya koɗe a kan sabo mai ƙyalli, sun fi son injin da aka haife ta da shi, da littafin gyaranta, da sanin hannun da ta bi. Mai dogon baya mai lafiya ta yi wuyar samu a can, domin motar aiki ce, wadda tsatsa ba ta ci ba an turo ta Afirka tun tuni. Akwai kuma daraja wadda ba ta shafi lafiya ko kaɗan ba. Motar Mercedes da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ran 13 ga Fabrairu 1976 tana ajiye a gidan tarihi na Legas da ramukan harsashi a jikinta, wanda ya ce zai toshe su ya yi fenti ya ɓata ta ke nan. Irin motar da ta cika ma'aunin tasha da na Turawa gaba ɗaya, in akwai ta a ƙasar Dutse, sai dai a rumfar wani tsohon ma'aikaci ko gidan hakimi, wadda aka saya sabuwa ba a taɓa sa ta layi ba. Magada kuwa ba safai su ke sanin bambancinta da sauran ba. Sau da yawa abu na farko da su ke yi shi ne su kai ta a yi mata sabon fenti.

Daga shekarun 2000 motocin da ba su shan mai da yawa suka ƙwace layin Kano zuwa Dutse, Golf mai dogon baya da Sharan da bas-bas na Toyota, Fijo ta koma hanyoyin ƙauye da ranakun kasuwa. Da aka janye tallafin fetur cikin Mayu 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da biyu a 'yan kwanaki, abin ya ƙara yi wa mai tsohon inji nauyi. Wadda ta tsaya yanzu 'yan gwangwan ne ke zuwa tayi, su kuwa ba su tambayar shekara ko asali, sikeli ne ke yanke kuɗi, alminiyam dabam, jan ƙarfen waya dabam, baƙin ƙarfe dabam. Kafin a sare ta a kan cire abin da zai yi amfani. Inji da giya su tafi Ƙofar Ruwa, kujerar baya ta koma gaban mai shayi, aksil da ƙafafunsa kuwa maƙera su kan saya su ɗora masa katako ya zama amalanken shanu, ya ci gaba da kai gero Shuwarin ran Litinin.